Seleri a Tukunya: Martani ga Mai Son Mayar da Kayan Miya Magani

Wani ɗan'uwa ya rubuta maƙala kwanan baya yana kiran matan Tasawa da Mayahi su duƙufa wajen shuka seleri a tukwane cikin gidajensu. Rubutun ya samu karɓuwa, har wasu suna ta cigiyar inda ake sayar da irin. Tun da magana ce ta lafiyar jama'a, bai kamata ta wuce ba a tanka ba, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ga hujjojinsa yadda ya jera su, don kada a ce na yi masa ƙari ko ragi. Da farko ya ce seleri yana saukar da hawan jini, yana wanke ƙoda, yana narkar da kitse, kuma masana a ƙasashen waje sun tabbatar da haka. Na biyu, ganye ne mai cike da bitamin, don haka zai yi amfani a yankin da tamowa ta daɗe tana addabar yara. Na uku, nomansa ba wuya, tukunya ce da ƙasa da taki da ruwa, ko ma a tsoma gindin da aka yanke cikin ruwa ya sake tofo. Na huɗu, macen da ba ta da gona ko take cikin kulle za ta samu abin yi, maigida kuma ya huta da kuɗin magani. Ya rufe da cewa gidan da ke da tukunyar seleri ya mallaki ƙaramin asibiti a tsakar gida.

Niyyar Malam marubucin kyakkyawa ce, kuma akwai inda ya faɗi gaskiya. Gonaki sun yi ƙaranci a jihar Maraɗi, gayaunar da a da ake yankar wa mace ta ƙanƙance, a wasu garuruwan ma ta ɓace. Duk wanda ya nemar wa mata hanyar samun ganye a cikin gida ya cancanci yabo. Seleri ma ba guba ba ne, ganye ne mai ƙamshi, ɗan'uwan karas, yana gyara miya da farfesu. Rigimata da Malam ta taso ne daga lokacin da ya ɗauke shi daga madafa ya kai shi ɗakin magani.

Mu fara da hawan jini, domin a nan ne kuskure ke iya kai mutum kabari. Su wane ne masanan da suka tabbatar, kuma a jikin wa suka gwada? Binciken da ake yawan kafa hujja da shi an yi shi ne a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1992. Sun ɗauki wani sinadari da ke ba seleri ƙamshinsa suka ba ɓeraye, jinin ɓerayen ya ɗan sauka. Daga baya an yi ƙananan gwaje-gwaje a jikin mutane, kamar wanda aka yi a Mashhad ta ƙasar Iran da majinyata hamsin da 'yan kai, na 'yan makonni. Abin da aka ba su kuwa kafso ne na tataccen ruwan ƙwayar irin seleri, an auna shi an daidaita ƙarfinsa a ɗakin bincike. Shin Malam ya taɓa ganin tukunyar da kafso ke tsirowa a cikinta? Tsakanin tataccen sinadarin da aka auna da ganye uku da uwargida za ta tsinka ta jefa a miya akwai tafiya mai nisa, kuma har yau babu wata hukumar lafiya da ta sa seleri cikin jerin magungunan hawan jini.

Ya kamata kuma masu karatu su san inda yayin shan ruwan seleri ya samo asali. Wani Ba'amurke ne mai suna Anthony William ya yayata shi, har ya wallafa littafi a kansa a 2019, taurarin fim suka bi shi ɗuu. Mutumin nan bai karanci aikin likita ba, kuma shi da bakinsa yake cewa wani ruhi ne ke raɗa masa sirrin cututtuka. A ƙasar Maraɗi ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun san sunan sana'ar wanda iska ke gaya wa magani. Abin mamaki shi ne, da wani a Kananbakashe ya zo da wannan da'awa da Malam ne zai fara yi masa wa'azi, amma da ta fito daga Amurka cikin littafi mai ƙyalli sai ta zama ilimin zamani.

Haɗarin kuwa ga shi. Hawan jini ciwo ne mai tafiyar sanɗa, mutum na iya shekaru da shi yana noma yana zuwa kasuwa bai ji komai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kimanin biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba. Ɗauki dattijon da ke Urafan ko Isawan, wanda aka auna aka ce masa zai riƙa shan ƙwaya kullum har iyakar rayuwa. Maganin ya ƙare, kantin magani na da nisa, kuɗin mota ma aiki ne. Sai ɗansa ya karanta masa cewa masana sun tabbatar ganyen da ke tukunya na yin aikin ƙwayar. Me ake jin zai zaɓa? Zai bar ƙwayar, ba zai ji wani canji ba na wata da watanni, har ma ya riƙa ba da shaida a majalisa cewa ya warke. Ranar da jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, za a ce iska ce ta buge shi ko sammu aka yi masa. Babu wanda zai bi sawu har zuwa maƙalar da ta raba shi da maganinsa.

Na san Malam zai ce ai shi bai ce kowa ya daina shan magani ba. To, wane kuɗin magani ne maigida zai huta da shi in har zai ci gaba da sayen maganin? Wanda ya kira tukunya asibiti ya riga ya gaya wa talaka inda zai je jinya.

In da gaske hawan jini ne damuwar, to an bar jaki ana dukan taiki. Abin da aka tabbatar ba tare da jayayya ba shi ne yawan gishiri na ɗaga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali ɗaya. Mu kuwa tukunya guda ake zuba wa gishiri, a marmasa dunƙule uku ko huɗu waɗanda kusan rabinsu gishiri ne, a ƙara kanwa don wake ya yi laushi ko miya ta yi yauƙi, sannan a barbaɗa yaji mai gishiri a kai. Kanwa ma sodiyam ce, irin wanda ke cikin gishiri. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da al'adar ɗura wa mai jego kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Al'adar nan tana nan daram a ƙauyukanmu. Sakin layi ɗaya a kan rage kanwa da dunƙule ya fi dukan maƙalar seleri amfani ga zuciyar matan Mayahi. Ƙarin abin dariya, seleri na cikin ganyayyakin da suka fi sodiyam, wajen miligiram 80 a kowane giram 100, alhali zogale bai kai 10 ba. Wannan bai isa ya cutar da kowa ba, amma ya isa ya sa mai tallarsa ya sassauta murya.

In kuma sai lallai an nemo tsiron da aka gwada a jikin ɗan Adam, ga shi nan a gefen kowace gona daga Korgom zuwa Sarkin Hausa. A 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts suka wallafa gwajin da suka yi wa mutum 65 masu ɗan hawan jini. Waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da wajen maki 7. Yakuwar da muke miya da ganyenta, mu yi zoɓo da furenta, mu yi daddawar batso da 'ya'yanta, ta fi seleri hujja. Duk da haka ba zan ce wa kowa ya musanya ƙwayarsa da zoɓo ba, balle zoɓon kasuwa da aka cika wa sukari.

Maganar wankin ƙoda ba ta buƙatar dogon zance. Ƙoda ba ƙwarya ba ce da ke jiran a wanke ta, ita ce mai wankin, tana tace wajen lita 180 na ruwan jini kowace rana. In mutum ya sha ruwan seleri ya yi ta fitsari, ruwa ya sha, ruwa ya fita. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa, likita kan ja masa kunne ne a kan yawan ruwan ganyayyaki saboda fotasiyam. Wankin ƙoda na gaskiya na'ura ce ke yinsa a babban asibiti, kuma duk wanda ya taɓa raka majinyaci ya san nisansa da tsadarsa.

Sai batun narkar da kitse, wanda shi ne ya fi nuna cewa an ɗauko maganar ne daga wata duniya aka sauke mana ita ba a kwance ɗaurin ba. Dalilin da ya sa masu ƙiba a Turai da Amurka ke cin seleri shi ne kusan babu komai a cikinsa. Kashi 95 cikin ɗari ruwa ne. Giram 100 na ba da kalori 14 zuwa 16, sinadarin gina jiki bai kai giram ɗaya ba, na ƙarfe mai ƙara jini kuwa miligiram 0.2 ne. Abinci ne na wanda ya ƙoshi yana neman ya cika ciki ba tare da ya ƙara nauyi ba. To, a yankin Mayahi wane kitse ake son narkarwa? Na yaron da aka yaye da ruwan fura, ko na uwar da ta sha daka da surfe da jan guga tun asuba?

Ba mu manta 2005 ba, lokacin da jihar Maraɗi ta zama cibiyar tamowa bayan fari da fara sun haɗu, ƙungiyar likitocin MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar cikin shekarar. Abin da ya tashi yaran nan shi ne ɗan ƙunshin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari, mai nauyin giram 92, mai ɗauke da kalori 500. Kafin yaro ya samu kalori 500 daga seleri sai ya cinye fiye da kilo 3. Har yau kusan rabin yaran Nijar 'yan ƙasa da shekara biyar ba su kai tsayin shekarunsu ba, ƙarancin jini kuma ya yi katutu ga mata da yara. Cikin ƙaramin yaro ɗan mitsitsi ne, duk lomar da za ta shiga dole ta kasance mai nauyi: kunu da aka sa wa gyaɗa ko garin wake, awara, ƙwai, nono, ɗan mai, da ganye mai ƙarfi.

Ganye mai ƙarfin kuwa muna da shi. Giram 100 na ɗanyen zogale na ɗauke da sinadarin gina jiki wajen giram 9, ƙarfe miligiram 4, kalsiyam 185, bitamin C sama da 50. Seleri yana da kalsiyam 40, bitamin C kuwa 3. A ƙarfe kaɗai zogale ya ninka shi sau ashirin. Lalo da alayyafo su ma kowanne ya haura miligiram 200 na kalsiyam, kuma sun ninka seleri a ƙarfe fiye da sau goma. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ake sayarwa a bakin tasha, wanda ɗan boko ke kawar da kai in ya gani, ya fi kowane kofin ruwan seleri gina jiki nesa ba kusa ba. Me ya hana Malam rubuta wannan? Ko don zogale ba ya zuwa da hoto mai sheƙi ne?

Yanzu mu koma ga tukunyar kanta, mu ga ko noman na da sauƙin da aka ce. Asalin seleri tsiron fadama ne na gaɓar tekun Bahar Rum. Yana son sanyi, tsakanin digiri 15 zuwa 21, da ƙasar da ba ta bushewa. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, yana ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, kuma in zafi ya yi yawa sai ya ƙi tsirowa sam. Daga shuka zuwa girbi wata huɗu ne zuwa biyar. Saiwarsa ba ta nitsewa ƙasa, don haka yini guda na ƙishi ya isa ya langaɓar da shi, zafi kuma kan mayar da shi mai ɗaci da zare-zare. Shi ya sa mai kaurin kara da ake gani a hotuna ya fi yin kyau a wurare masu tudu da sanyi irin Jos, wadda ke sama da mita 1,200 daga teku. Wanda masu lambu ke fitarwa a ƙasarmu lokacin ɗari siriri ne, na ganye, ana ƙulla shi 'yan ƙananan ɗauri don ƙamshin miya.

A Tasawa kuwa, Afrilu da Mayu zafi na kai wa digiri 40, wani lokaci ya haura. Tukunyar da aka ajiye a tsakar gida ƙasarta ta fi ta gona saurin ɗaukar zafi da bushewa. Sanyin da seleri ke so ba ya wuce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ma da dare ne da safiya, ga iskar hunturu mai tsotse danshi. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ruwan shekara kuma da ƙyar yake kai milimita 500. Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi sunan gulbi kawai ya rage masa, goruba ce ke shan ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa. Akwai ƙauyukan da rijiyarsu sai an ɗaura wa sa ko jaki igiya, akwai unguwannin da ruwa sai an saya da bido. Wa zai ɗauko ruwan ban tukunyar? Ba Malam ba ne. Ita dai macen da aka ce ana son taimaka wa ce, ko 'yarta da ya kamata a ce tana aji.

Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce tukunya ɗaya na shan lita guda a yini, wanda a zafinmu an yi mata rowa. Cikin wata huɗu ta sha lita 120, kusan bido biyar. A ce an yi sa'a, awaki ba su cinye ba, kaji ba su tone ba, ta ba da rabin kilo. Abin da ke cikinsa bai wuce kalori 80 ba, abin da gyaɗa giram 15 za ta bayar. Masu yayin ruwan seleri kuma cewa suke a sha kusan rabin lita kowace safiya, wanda ke cin babban kai guda. Kai guda a yini, ga shi kowanne na buƙatar wata huɗu, ke nan majinyaci ɗaya na buƙatar tukwane sama da ɗari a jere. In maigida da uwargida duka suna da hawan jini, sai a tashi maƙwabta a faɗaɗa tsakar gida. Dabarar tsoma gindi cikin ruwa kuwa, gaskiya ne yana tofo, amma 'yan ganye ne marasa ƙwari, kuma sai an fara sayen mai gindin kafin a samu abin tsomawa. A wace kasuwar ƙauye ake sayar da shi?

Jihar Maraɗi ta taɓa koyon wannan darasi da tsada. Shekara da shekaru ana rainon itatuwan waje ana dasawa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturen da manoma ke sarewa duk shekara rayayyu ne, saiwarsu na nan a ƙasa. Manoma suka koma barin tofon gawo da kalgo da sabara suna yi musu aski, aka kira abin sassaben zamani, har ya mamaye hekta kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya farfaɗo da gonakin yana ƙarƙashin ƙafar masu su tun farko. Haka batun ganye yake.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya dace a gaya wa matan Tasawa da Mayahi. A shuka zogale a ƙasa, a kusurwar gida inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke gangarawa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Saiwarsa na nitsewa, yana jure rani, cikin 'yan watanni ake fara tsinka, kuma yana shekaru yana bayarwa. Manoman Jiratawa sun daɗe suna cin kasuwarsa, iri kuma ba ya wuyar samu. Mai son tukunya ko tsohon bokiti ta sa alayyafo, wanda ke isa tsinka cikin wata guda kuma zafi ba ya razana shi, ko lalo, ko rama, ko gasaya, ko albasa don lawashi. A busar da ganyen damina a inuwa, da kuka da tafasa da yaɗiya, a adana don bazara. Mai sha'awar ƙamshin seleri ta shuka na ganye a Nuwamba, ta ajiye shi inda rana ba ta dukansa da tsaka, ta ci abinta kafin zafi ya shigo. Babu laifi a wannan, muddin ta san kayan miya ta shuka. Mai ciki dai ta guji shan ƙwayar irinsa a matsayin magani, wanda ke shan maganin tsinka jini kuma ya tambayi likita kafin ya maida shi abincin kullum.

Matsayina a fili yake. Seleri ganyen ƙamshi ne, ba ya maganin hawan jini, ba ya wanke ƙoda, ba ya korar tamowa, kuma ƙasarmu da ruwanmu ba su dace da shi ba sai na 'yan watannin ɗari. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya je a auna jininsa ko da yana jin garau. Wanda aka rubuta wa ƙwaya ya sha ta kullum, ya rage gishiri da dunƙule da kanwa. Shi kuma Malam, tun da Allah ya ba shi alƙalami kuma jama'a na sauraronsa, akwai bashi a kansa: ya sake rubutu, da babbar murya kamar ta farko, ya gaya wa duk wanda ya ajiye maganinsa saboda tukunyar seleri ya koma asibiti tun kafin ɓarin jikinsa ya shanye.